Jijiyar saman ƙafa da zoben jinin da ke raya ƙafar ɗan Adam

Idan mutum ya zauna ya cire takalmi, ya ɗaga babban yatsan ƙafarsa sama, zai ga wata agara ta miƙe a ƙarƙashin fata, ta taso daga wuyan ƙafa ta nufi yatsan. Sai ya saki yatsan, ya ɗora yatsun hannu biyu ko uku a gefen agarar, ta ɓangaren da ke kallon ƙaramin yatsa, daidai tudun saman ƙafa, ba tare da ya danna da ƙarfi ba. In ya yi haƙuri zai ji wani abu yana harbawa a hankali, daidai da bugun zuciyarsa. Wannan ita ce jijiyar saman ƙafa, wadda likitoci ke kira dosalis fedis. Kaurinta bai cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba, tsawonta kuma 'yan santimita ne. Duk da haka babu likitan kirki da zai duba mai ciwon suga, ko wanda ya karye a ƙwauri, ko dattijon da ke kukan ciwon sharaɓa in ya yi tafiya, ya tashi bai nemi wannan bugun ba. Jinin da ke harbawa a nan ya yi tafiyar sama da mita ɗaya daga zuciya, kuma duk abin da ya tare masa hanya a tsakani, a nan zai nuna.

Abu uku ne ke kwance tare a wannan wuri, dole a bambance su tun farko. Akwai jijiya mai kai jini daga zuciya, ita ce mai harbawa, mai kaurin bango. Akwai jijiyoyi masu dawo da jini zuwa zuciya: biyu na rakiyar mai kai jinin dama da hagu, wasu kuma suna sama daf da fata, su ne ake ganin sun taso idan an daɗe a tsaye. Sai jijiyar saƙo, wadda ba hanyar jini ba ce, aikinta kai ji da umarnin motsi. Maganarmu a kan ta farkon ce, amma sauran biyun za su yi ta shigowa, domin tare suke tafiya.

Hanyar ta faro ne daga ɗakin hagu na ƙasan zuciya, inda babbar jijiya ayota ta fito. Ta gangara ta ƙirji da ciki, ta jingina da ƙashin baya, sai ta rabu biyu a daidai tsayin cibiya, a gaban ƙashi na 4 cikin ƙasusuwa biyar na ƙugu. Kowane reshe ya nufi ƙafa ɗaya. Da ya ratsa matsematsi ya shiga cinya sai a kira shi jijiyar cinya. A ƙasan cinya ta bi ta wata kafa a cikin tsoka ta koma bayan gwiwa, inda ta kwanta can ciki daf da ƙashi. Kaɗan ƙasa da gwiwa ta rabu, har aka samu uku: ta gaban ƙwauri, ta bayan ƙwauri, da ta gefen siririn ƙashin ƙwauri na waje. Sunaye ne ke canzawa daga zango zuwa zango, amma bututun ɗaya ne, ba inda ya yanke.

Ta gaban ƙwaurin ita ce uwar jijiyar saman ƙafa, kuma tafiyarta na da ban sha'awa. A bayan gwiwa aka haife ta, amma a gaba aikinta yake. Tsakanin ƙasusuwan ƙwauri biyu akwai wani tantani mai tauri da ya ɗinke su, a samansa kuma akwai 'yar kafa. Ta nan jijiyar ke kurɗawa ta ɓullo gaba, ta gangara a kan tantanin, tsokokin da ke ɗaga ƙafa da yatsu sun binne ta. A hanya wata jijiyar saƙo da ta zagayo ta wuyan siririn ƙashin ta haɗu da ita, suka ci gaba tare. Yayin da suke kusantar ƙasa tsokoki na sirancewa suna komawa agara, jijiyar kuma na ƙara tasowa sama, har ta iso gaban wuyan ƙafa, tsakiyar idon sawu na ciki da na waje. Nan ta wuce ƙarƙashin wani ɗamara na nama mai tauri da ke riƙe agarori kada su ɓalle, daga nan ne ta zama jijiyar saman ƙafa.

Ƙafa tana da ƙasusuwa 26, jijiyar kuma a kan uku daga cikinsu ta bi kafin ta kai gindin dogayen ƙasusuwan da ke ɗauke da yatsu. Wannan ne ya sa ake jin bugunta: ƙashi ne a ƙarƙashinta, fata da siririn tantani ne kawai a samanta, yatsan mai dubawa na iya matse ta tsakanin biyu. Ta ɓangaren ciki agarar babban yatsa ce maƙwabciyarta, ta waje kuma agarar yatsa na biyu da jijiyar saƙon nan da suka taho tare. Kusa da ƙarshenta wata 'yar gajeriyar tsoka ta babban yatsa ta gitta ta samanta. Likitan fiɗa ya haddace wannan jeri, domin da shi yake gano jijiyar ko da ba ta harbawa.

A ɗan tsakanin nan tana ba da rassa. Wasu ƙanana sun nufi gefen ciki na ƙafa, ɗaya mai ɗan kauri ya nufi gefen waje ya ciyar da gajerun tsokokin saman ƙafa da gaɓoɓin ƙasusuwan. Littattafan ƙirar jiki suna zana wani reshe da ya lanƙwasa ya gitta gindin yatsu, yana sakin jijiyoyi uku zuwa tsakanin yatsa na biyu da na uku, na uku da na huɗu, na huɗu da na biyar. Zanen na da kyau, sai dai binciken gawarwaki ya nuna ƙafafu da yawa ba su da wannan reshe a yadda aka zana shi. A irinsu jinin saman yatsu daga reshen gefen waje yake zuwa, ko kuma ya ɓullo daga tafin ƙafa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a tsarin jijiyar yana ƙarshenta. Da ta iso gindin sararin da ke tsakanin ƙashin babban yatsa da na mai bi masa, sai ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya miƙe gaba ya ciyar da babban yatsa da gefen yatsa na biyu. Ɗayan kuwa ya nutse ƙasa, ya ratsa tsakanin kawuna biyu na wata ƙaramar tsoka, ya ɓullo can cikin tafin ƙafa. Me ya je yi? Ya je ya haɗu da jinin da ya biyo ta wata hanya dabam.

Wannan hanyar ita ce jijiyar bayan ƙwauri, wadda a yawancin mutane ita ce babbar mai ciyar da ƙafa. Ta gangaro a ƙarƙashin tsokar sharaɓa, ta taso sama a bayan idon sawu na ciki, tsakaninsa da agarar diddige. Nan ma ana jin bugunta, shi ne wuri na biyu da ake dubawa. Ta ratsa wani matsattsen rami tare da agarori uku da babbar jijiyar saƙon tafin ƙafa, ta ba diddige rassansa, sannan ta rabu biyu. Ƙaramin reshen ya bi gefen ciki zuwa babban yatsa. Babban ya karkata zuwa gefen waje har gindin ƙashin ƙaramin yatsa, ya yi kwana, ya dawo ta cikin zurfin tafin ƙafa yana lanƙwashe, shi ake kira bakan tafin ƙafa. Daga bakan nan jijiyoyi huɗu suka fita suka rarrabu zuwa yatsu. Kuma ƙarshen bakan, a tsakanin ƙashin yatsa na farko da na biyu, shi ne daidai inda reshen jijiyar saman ƙafa ya nutso. Suka haɗe baki da baki.

Ke nan ƙafa a kan zobe take rayuwa. Jini na iya shiga ta sama ya zagayo ƙasa, ko ya shiga ta ƙasa ya haura sama. Ban da babbar mahaɗar akwai ƙananan jijiyoyi da ke huda tsakanin sauran ƙasusuwan suna haɗa sama da ƙasa, akwai kuma saƙar ƙananan rassa da ta kewaye idon sawu biyu. Abin ya yi kama da lambun da ake ba ruwa ta magudana biyu da suka haɗu a tsakiya: in ɗaya ta cushe, fangalin da ke jikinta zai sha daga ɗayar, muddin mahaɗar a buɗe take. A ganina duk wanda ya fahimci wannan zobe ya fahimci rabin abin da ke sa wata ƙafar ta tsira wata ta ruɓe, alhali ciwon da ya same su iri ɗaya ne.

Jijiya ta uku, ta gefen siririn ƙashi, ba ta shiga ƙafa da kanta. A wajen wuyan ƙafa ta ƙare, ta ba gefen waje na diddige rassa, ta aika wani reshe ya huda tantanin nan zuwa gaba, wani kuma ya haɗa ta da jijiyar bayan ƙwauri. Ga alama ƙaramar ma'aikaciya ce, amma ta girmi sauran. A makonnin farko na ciki, ƙafar tayi na shan jini ne daga wata jijiya guda da ke bin bayan cinya. Daga baya jijiyar cinya ta tsiro ta gaba ta karɓe aikin, tsohuwar ta shanye, sai guntayenta suka rage. Jijiyar gefen siririn ƙashi na cikin guntayen nan. Shi ya sa idan ta gaba ko ta baya ba ta ƙosa ba tun a ciki, ita ce ke yin kauri ta rufe gurbin. Akwai mutanen da jijiyar saman ƙafarsu ba daga ta gaban ƙwauri ta fito ba sam, ci gaban reshen nan ne mai huda tantani. Jariran da aka haifa da murɗaɗɗiyar ƙafa kuwa, sau da yawa jijiyar gaban ƙwaurinsu siririya ce ko ba ta kai ƙasa ba, dole mai yi musu tiyata ya yi kaffa-kaffa da ta baya, domin wataƙila ita kaɗai ke ciyar da ƙafar.

Wannan bambancin halitta na da amfani a sani, don kada hankali ya tashi a banza. Cikin matasa lafiyayyu, kimanin 2 zuwa 3 cikin 100 ba a samun bugun jijiyar saman ƙafarsu, a ƙafa ɗaya ko duka biyun, kuma ba abin da ke damunsu. Kumburi, ƙiba da sanyi ma na ɓoye bugun. Wani lokaci kuma mai dubawa bugun yatsansa yake ji ya zaci na majiyyaci ne, don haka ake so ya gwada da bugun wuyan hannun majiyyacin. Rashin bugu a saman ƙafa kaɗai bai isa hujja ba. Amma in aka rasa shi aka kuma rasa na bayan idon sawu, magana ta canza, domin da wuya lafiyayye ya rasa duka biyun.

Bangon jijiyar hawa uku ne. Na ciki shimfiɗa ce mai santsi wadda ke hana jini daskarewa. Na tsakiya tsoka ce da ta naɗe bututun, tana matsewa tana saki ba da sanin mai ita ba: in ana sanyi ta tsuke don a tattala ɗumin jiki, in ana zafi ko ana gudu ta buɗe. Na waje riga ce mai tauri. Ƙaramin canji a faɗin bututun ba ƙaramin abu ba ne. Wani likitan Faransa, Jean Poiseuille, ya nuna a shekarun 1840 cewa idan faɗin siririn bututu ya ragu da rabi, ruwan da ke wucewa ba da rabi yake raguwa ba, komawa yake kashi 1 cikin 16, in dai ƙarfin turawar bai canza ba. A jijiya mai milimita 2 ko 3, ɗan kitsen da ido zai raina ya isa ya yi wannan ɓarna.

Kitsen kuwa a hankali yake taruwa, shekara da shekaru, a ƙarƙashin shimfiɗar ciki. Shan taba, ciwon suga, hawan jini, yawan kitse a jini, ciwon ƙoda da tsufa su ne manyan masu rura shi. Da farko jiki na rufa asiri: ƙananan jijiyoyin da ke gaba da toshewar su buɗe, hanyoyin gefe su yi kauri, mutum bai san komai ba. Alamar farko takan zo ne a tafiya. Tsokar sharaɓa na buƙatar jini ninkin-ba-ninkin idan tana aiki, in bai iso ba sai ta ɗaure da ciwo. Mutum ya tsaya 'yan mintuna ciwon ya tafi, ya ci gaba ya dawo, kusan a nisa ɗaya kullum. Mutane da yawa sukan ɗora wannan a kan tsufa ko sanyin ƙashi, su rage tafiya, ciwon ya daina zuwa, su ɗauka sun warke.

Idan toshewar ta yi nisa, jinin ba ya isar ƙafa ko tana hutawa. Ciwon ya koma yatsu da gaban ƙafa, kuma da dare ya fi tsanani. Dalilin a fili yake. In babban mutum na tsaye, nauyin jinin kansa na ƙara wa matsin da ke wuyan ƙafa kimanin 80 zuwa 90 a ma'aunin hawan jini. Da ya kwanta wannan taimako ya tafi. Shi ya sa za ka ga majiyyaci na zuro ƙafa daga bakin gado, ko ya kwana a zaune a kujera, don ya gano da kansa cewa hakan ne ke ba shi sauƙi. Gashin yatsu ya zube, fata ta yi sheƙi ta bushe, farce ya yi kauri, ƙafar ta yi sanyi. A fata mai duhu ba a cika ganin canjin launi a saman ƙafa ba, gara a duba tafin ƙafa da ƙarƙashin farce: a ɗaga ƙafar a ga ko ta koɗe, a sauke a ga tsawon lokacin da jini zai ɗauka ya dawo.

Yatsa na iya ruɗuwa, don haka akwai gwaji mai sauƙi. A kwantar da mutum, a ɗaura masa abin awon jini a sama da idon sawu, a saurari jijiyar saman ƙafa da ta bayan idon sawu da ƙaramar na'urar Dofla mai aiki da sauti, a auna matsin kowace, a raba mafi girma da na damtse. A lafiyayye matsin wuyan ƙafa daidai yake da na hannu ko ya ɗan ɗara, sakamakon ya faɗa tsakanin 1.00 da 1.40. In ya sauka zuwa 0.90 ko ƙasa, akwai toshewa a hanya. Ba allura, ba yanka, kuma na daɗe ina ganin wannan gwaji bai samu matsayin da ya cancanta ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan fage ƙafa ma ana tambayarta, domin kitsen da ya toshe jijiyar ƙafa da wuya ya bar ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa. Wanda aka samu da ƙarancin wannan awo na cikin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki fiye da sa'o'insa, ko da ƙafar ba ta taɓa yi masa ciwo ba. Ƙiyasin shekarar 2010 ya nuna mutum miliyan 202 ne ke da toshewar jijiyoyin ƙafa a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici.

Ciwon suga shi ne inda duk ilimin nan ya fi amfani, kuma shi ne inda alamomin suka fi yaudara. Tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya, IDF, ta ƙiyasta manya miliyan 537 na ɗauke da shi a 2021. Suga na lalata jijiyoyin saƙo, tun daga mafi tsawo, wato na ƙafa. Ciwon da zai gargaɗi mutum ya ɗauke. Ƙusa ta soke shi ko takalmi ya ci masa yatsa bai ji ba, gyambo ya buɗe, jinin da zai warkar da shi kuma bai isowa. Ƙafar ma na iya kasancewa da ɗumi, domin jijiyoyin saƙon da ke tsuke wasu gajerun hanyoyin jini a fatar tafin ƙafa sun mutu, jini na wucewa ta nan ya koma ba tare da ya ciyar da nama ba. Sannan tsokar bangon jijiya takan sandare da sinadarin ƙashi, abin da Johann Mönckeberg ya bayyana a 1903. Jijiyar da ta sandare ba ta matsuwa, awon sai ya haura 1.40, wanda bai sani ba ya zaci lafiya ce ta yi yawa. A nan sai a koma auna matsin babban yatsa, domin jijiyoyin yatsu ba su cika sandarewa ba. In aka raba shi da na damtse, sakamakon ya gaza 0.70, akwai matsala.

An daɗe ana koyar da cewa a ƙafar mai suga ƙananan jijiyoyin da ido ba ya gani ne ke toshewa, don haka gyaran manya ɓata lokaci ne, yankewa ce mafita. Wani bincike na 1959 kan ƙafafun da aka yanke ne ya kafa wannan fahimta, kuma Allah kaɗai ya san yawan ƙafafun da ta ci. A 1984 likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Frank LoGerfo da Jay Coffman, suka tattara hujjoji suka nuna ba haka abin yake ba. Toshewar mai suga ta fi kama jijiyoyi ukun nan na ƙwauri, tsakanin gwiwa da idon sawu, amma sau da yawa takan bar na cikin ƙafa a buɗe, musamman jijiyar saman ƙafa. Wato bututun na nan lafiya a ƙasa, jini ne kawai ba ya isowa gare shi. Bugu ya ɗauke ba don jijiyar ta mutu ba.

Wannan ya buɗe ƙofar gyara. Tun 1948 Jean Kunlin ya yi amfani da jijiya mai dawo da jini ta majiyyacin kansa, a birnin Faris, ya tsallake toshewar jijiyar cinya. Jijiyar da ake ɗauka ita ce doguwar nan da ta taso daga gefen ciki na saman ƙafa, ta wuce gaban idon sawu, ta haura har matsematsi, wadda ta fi kowace tsawo a jiki. Tana da 'yan ƙyamare a ciki masu hana jini komawa baya, don haka ko a juya ta kai ya koma ƙasa, ko a bar ta a wurinta a tsinke ƙyamaren. Daga baya aka riƙa kai ƙarshenta har jijiyar saman ƙafa, a ɗinke. Jini ya shiga nan, ya nutse ta reshen nan, ya cika bakan tafin ƙafa ta baya. Hanya ta biyu ita ce buɗe toshewar ta ciki. A Janairun 1964, a jihar Oregon ta Amurka, likita Charles Dotter ya zura bututu ya faɗaɗa jijiyar cinyar wata tsohuwa mai shekara 82 da yatsunta suka fara ruɓewa, ta kuma ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Ƙafar ta tsira. Yau ana zura siririyar waya da balan-balan har cikin bakan tafin ƙafa, wani lokaci ma ta jijiyar saman ƙafar ake shiga a haura sama a huda toshewar ta ƙasa. Ba kowace ƙafa ke gyaruwa ba, kuma ruɓar da ta shiga jini ba ta jira. Amma inda hali ya ba da dama, bai kamata a yanke ƙafar mai suga ba sai an nemi sanin halin da jijiyoyinta ke ciki.

In jijiyoyi uku duk sun toshe, wacce za a fara buɗewa? A 1987 Ian Taylor na Melbourne a Ostireliya da abokin aikinsa Palmer suka nuna cewa jiki kashi-kashi ne, kowane yanki na fata da nama da ƙashi na da jijiyar da ke ciyar da shi. A 2006 Christopher Attinger da abokansa suka fayyace yankuna shida a ƙafa da wuyanta: uku na jijiyar bayan ƙwauri, wato diddige ta ciki da ɓangarori biyu na tafin ƙafa, biyu na ta gefen siririn ƙashi, ɗaya, saman ƙafa, na jijiyar da muke magana a kanta. Wasu likitoci na ganin a buɗe jijiyar yankin da gyambon yake, wasu na ganin duk wadda ta fi sauƙin buɗewa ta wadatar. Muhawarar ba ta ƙare ba, amma ni ina ganin zoben ne alƙali. In baka da mahaɗarsa na nan, jini zai kai ko ta ina ya shigo. In sun toshe, kowane yanki ya koma dogaro da jijiyarsa kaɗai, gyambon diddige ba zai amfana sosai da jinin da aka kawo saman ƙafa ba.

Duk wannan toshewa ce ta sannu a hankali. Akwai ta farat ɗaya, idan gudan jini ya ɓalle, galibi daga zuciyar da bugunta ya rikice, ya zo ya cushe jijiya, ko karaya ko gocewar gwiwa ta yaga ta. Hanyoyin gefe ba su samu lokacin yin kauri ba. Ƙafa ta ɗauki ciwo mai tsanani, ta koɗe, ta yi sanyi, bugu ya ɗauke, sannan ji ya tafi, motsi ya biyo baya. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kimanin awa 6. Wannan ba ciwon da ake kwana da shi a gida ba ne. Akwai kuma wani tarko da ya kamata duk mai jinyar karaya ya sani. Tsokokin gaban ƙwauri a cikin matsattsen ɗaki suke, ƙashi da tantani sun kewaye su. In suka kumbura bayan rauni ko ɗauri mai tsanani, matsin na kashe ƙananan hanyoyin jini tun kafin ya kai ga rufe babbar jijiya. Sai tsoka na mutuwa alhali saman ƙafa na harbawa. Abin lura shi ne ciwon da ya wuce misali, wanda ke ƙaruwa in an lanƙwasa yatsu, da mutuwar ji a fatar da ke tsakanin babban yatsa da na biyu, domin wannan ɗan wurin ne jijiyar saƙon da ke rakiyar jijiyarmu ke kula da shi.

Saboda tana kusa da fata kuma tana da mai maye gurbinta, jijiyar saman ƙafa ta zama abin da likitoci ke ara. A ɗakin masu jinya ta musamman akan sa mata siririn bututu don auna hawan jini bugu bayan bugu idan ta wuyan hannu ba ta samu ba. A 1969 John Cobbett na Ingila ya ba da rahoton ɗauke babban yatsan ƙafar wani mutum ya dasa masa a gurbin babban yatsan hannu da ya rasa, ya ɗinke jijiyoyin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Masu irin wannan aiki a yau sukan bi reshen nan mai miƙewa zuwa babban yatsa, kuma shi ma ba ya zama wuri ɗaya: a wasu yana kwance a saman tsoka, a wasu ya nutse cikinta, a wasu siriri ne ƙwarai har sai an koma ga reshen tafin ƙafa. A 1975 McCraw da Furlow suka bayyana yadda za a ɗauki fatar saman ƙafa tare da jijiyarta a rufe rauni a wani wuri. Fatar siririya ce mai laushi, ta dace da irin hannu, sai dai gurbin da ta bari a kan agarori na wahalar warkewa, abin da ya sa aka rage amfani da ita. Kafin a ɗauki yatsa ko fata ko a sa bututu, ana fara tabbatar da cewa jijiyar bayan idon sawu na aiki kuma baka a buɗe yake: a danne ta saman, a duba ko jini na ci gaba da isa babban yatsa. In bai isa ba, ba a taɓa ta.